Tsarewa Daban, Hukunci Daban

'Yan uwa mazauna Kudu, da wuya a sami unguwar Hausawa da ba a taɓa kwashe mata yara a samamen 'yan sanda ba, musamman a Legas tun da aka tsananta hana acaba a 2022. Yaro ya yi wata shida a Kirikiri, a sallame shi, ya je neman aikin gadi ko tuƙi, a ce masa ba a ɗaukar tsohon fursuna. Shi ma sai ya yarda, ya juya.

To, a nan akwai gyara. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce mutum ba shi da laifi har sai kotu ta tabbatar. Kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke yi. Wanda aka tsare, aka kori ƙararsa, ba mai laifi ba ne, kuma idan takardar neman aiki ta tambayi ko kotu ta taɓa hukunta shi, amsarsa ita ce a'a.

Wanda aka yanke wa hukunci kuwa, gaskiya akwai ƙofofin da doka ta rufe masa. Dokar kamfanonin gadi ta 1986 ta hana ɗaukar wanda aka ɗaure kan sata ko zamba. Amma dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta tanadi takardar shaidar kyakkyawan hali ga fursunan da ya gyaru, ta kuma hana a nuna wa mai riƙe da ita bambanci saboda ɗaurin da ya sha. Mu nawa muka san da wannan?

Abin takaici shi ne, ɗan siyasar da aka samu da laifin rashin gaskiya shekara 10 kawai Tsarin Mulki ya hana shi takara. Ɗan dako kuwa babu dokar da ta sa ranar da tabonsa zai goge, alhali Ingila ta yi irin wannan doka tun 1974. Ya kamata wakilanmu a majalisa su ji wannan daga bakinmu.

Kafin nan, iyaye da sarakunan Hausawa, duk yaron da kotu ta sallama a karɓo masa kwafin hukuncin mai hatimi daga ofishin rajistara tun da zafinsa. Fayil kan ɓace. Wanda ke gab da gama wa'adinsa kuma, a nema masa takardar shaidar hali kafin ranar fitowa.