Bindigar da ke cin mai ita

A makon jiya na je dubiyar wani ɗan sa-kai daga karkarar Tsafe, yana kwance a Gusau, yatsu uku sun tafi. Ba 'yan bindiga suka harbe shi ba. Harbi-ka-rugarsa ce ta fashe a hannunsa. Ya ɗura mata albarushi fiye da kima, wai don ta kara da AK-47.

A masana'antun harsasai na Amurka da Turai ana gwada ƙarfin fashewar kowane nau'in harsashi. Hatta ɗan ƙwayar da ke kunna albarushi sai an tabbatar da dacewarta, domin sauya ta kaɗai kan ƙara matsin da bakin bindiga zai ɗauka. Mu kuwa, bututun ƙarfe ne da awon ido.

A Yunin 2022 gwamnatin Matawalle ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga, a Janairun 2024 kuma Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara. Amma wa ke duba aikin maƙera?

Ban ga laifin manomin Bungudu mai gadin gonarsa ba. Sai dai mai jinyar nan ya tambaye ni yadda zai riƙe fartanya idan damina ta faɗi, na rasa amsa.