RA'AYINMU: Kaduna, Garin Bindiga da Dogo

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Da yawa daga cikinmu a Kaduna za mu kama aiki, amma kaɗan ne suka san mafarinta. Bukatar soja da ta jirgin ƙasa ce ta kafa ta a ƙasar Gbagyi. Dogon da ya taso daga Baro ya ƙetare Kogin Kaduna, ya isa Kano a 1911. Da Gwamna Lugga ya ga ga ruwa ga jirgi, sai ya girke sojojinsa a nan, kana a 1917 aka ɗauko hedkwatar Arewa daga Zungeru. Jirgin da ya kwashi gyaɗa da auduga zuwa bakin teku, shi ne ya kwashi samarinmu zuwa yaƙin Bama.

To, su wa suka shimfiɗa dogon? Talakawa ne, akasari a aikin tilas. Sunan Lugga yana jikin zauren Majalisa, nasu kuwa ya ɓace.

Saboda haka muna kira ga ɗalibai su duba takardun Gidan Arewa, su kuma zauna da tsofaffin ma'aikatan reluwe da iyalan 'yan mazan jiya tun da sauran masu tunawa. In muka yi sakaci, labarin Bature kaɗai jikokinmu za su gada.