Tsabtar Asabar Ɗaya A Wata Ba Ta Isa Ba

Duk shekara idan damina ta kankama, sai a riƙa jin koke-koke iri ɗaya daga manyan garuruwan ƙasar nan: lambatu sun toshe, ruwa ya shiga gidaje, asibitoci kuma sun cika da masu zazzaɓi da masu amai da gudawa. Galibi akan ɗora laifin a kan hukuma kaɗai, amma duk wanda ya leƙa kwatar ƙofar gidansa zai tarar yawancin abin da ya toshe ta daga cikin gidan ya fito.

A shekarar 1985 ne Gwamnatin Mulkin Soja ta Manjo Janar Muhammadu Buhari ta sa tsabtace gari cikin shirinta na Yaƙi da Rashin Ɗa'a, daga nan kuma al'adar keɓe Asabar ɗaya a wata domin shara ta samu gindin zama a jihohi da dama. Babu shakka shirin ya yi amfani, sai dai akwai wani lissafi da ya kamata a duba. Ƙwan sauro a cikin ruwa kwantacce yakan zama cikakken sauro cikin kwana 10 zuwa 14. Ke nan kafin wata ranar shara ta zagayo, an ƙyanƙyashe zuriya biyu, ko ma fiye.

Sakamakon wannan sakaci ba ɓoyayye ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 kimanin kashi 27 cikin 100 na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke. A 2021 kuwa, annobar kwalara ta hallaka mutum fiye da 3,000 a ƙasar nan, mafi yawansu a jihohin Arewa.

Maganin ba mai tsada ba ne, aiki ne na kullum. A cike kwarin da ruwa ke kwanciya a ƙofar gida, a kife tsofaffin gwangwanaye da tayoyi, a rufe randa, a wanke hannu da sabulu bayan an kewaya da kuma kafin cin abinci. Mai zuwa cefane ya riƙe kwando ko jaka maimakon karɓar leda a kowane tebur, domin leda ba ta ruɓewa da wuri. Ita ce ke toshe lambatu, ita ce akuya da saniya ke haɗiya ta cunkushe musu tumbi, in kuma aka ƙona ta hayaƙinta ya cuci huhu. Manoman karkarar Kano sun daɗe suna kwasar sharar birni su yi taki da ita, amma yanzu leda ta gurɓata musu shi.

Wannan bai sauke wa hukuma nauyinta ba. Magidancin da ya tara shara bai ga motar kwasa ba, lambatu zai nufa da ita. Wajibi ne ƙananan hukumomi su tanadi wuraren zuba shara, su kuma ƙarfafa aikin duba-gari. Ruwanda ta haramta jakar leda a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, saboda haka abin ba gagarau ba ne.

Ma'aikata da ɗalibai su ne ake kallo a unguwanni, ya kamata gyaran ya faro daga gidajensu da ofisoshinsu da ɗakunan kwanansu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.