Sambisa Kafin Ƙarar Bindiga

Matashin Konduga in ya ji sunan Sambisa, bindiga ce ke faɗo masa a rai. Kakansa kuwa da sawun giwa da kukan kura ya san dajin.

A 1958 Turawa suka keɓe shi gandun namun daji. A shekarun 1970 baƙi kan kwana a ciki, su yi sammako ko sa hango damisa kwance bisa reshe, ko jimina tana keta fili. Farauta ta rage namun, sannan Boko Haram ta mamaye dajin a 2013.

Ya kamata gwamnatin Borno ta farfaɗo da gandun yayin da jama'a ke komawa garuruwansu, ta ba maharban Konduga da Kawuri aikin gadinsa, tunda su suka san kowace mashayar dabbobi.