A Riƙa Zuwa Awo Da Tsohuwa

'Yan'uwana mata, yau maganata a kan masu zaman jego ce, wato ungozoma da uwa da gwaggo, masu kwana da mai haihuwa har ta yi arba'in.

Kwanan baya na je barka wurin wata tsohuwar ɗalibata da ta zo goyon ciki gida. Na tarar an matse nonon farko an zubar, wai dakashi ƙazanta ne, ana ta ɗura wa jinjiri ruwan ɗumi. Yarinyar nan ta sha jin bayani wurin awo, amma ina ta ga bakin yin musu da kakarta? Ga haihuwar fari, ga kunya.

Alhali dakashin nan shi ne rigakafin yaro na farko. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, ya sha nono zalla har wata 6, ko ruwa kada a ba shi.

Ba raina tsofaffinmu nake yi ba. Su ke dafa ruwan wanka tun asuba, su ke riƙe yaro uwa ta ɗan runtsa. To amma ko a shekarun 1970 likitoci a Zariya sun danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan shan kunun kanwa da kwanciya bisa gadon wuta.

Roƙona ga malaman asibiti shi ne, ranar awo kowace mai ciki ta zo da wadda za ta yi mata zaman jego. A zaunar da su benci ɗaya, tsohuwa ta ji da kunnenta, ta kuma yi tambaya.