Hawayen Kallo da Lissafin Aji

A dogon hutun da ya wuce, mu biyar da muke koyarwa a makarantu daban-daban na wannan yanki muka riƙa haɗuwa bayan sallar isha'i a gidan ɗaya daga cikinmu, domin shi kaɗai ne yake da wutar sola da za ta riƙe talabijin har dare ya raba. Da farko hira ce take tara mu, ta albashi da ta ƙarin girman da ya maƙale. Ana nan sai wani ya zo da fina-finai biyu a wayarsa, ya ce duka labarin malamai ne. A duniya sun kwana biyu, amma a wurinmu sababbi ne, kuma tun da muka kalle su ba su bar zukatanmu sun huta ba. Abin da ya sa muka roƙi fili a wannan mujalla tamu ke nan.

Na farkon fim ɗin Indiya ne, Taare Zameen Par, wanda ya fito a 2007. Aamir Khan ne ya ba da umarni, shi ne kuma ya fito a matsayin malamin. Mu da muka tashi da kallon Indiya mun zauna muna jiran soyayya da faɗa, sai muka tarar da wani abu dabam. Labarin wani yaro ne ɗan shekara takwas, Ishaan, wanda karatu ya gagare shi. Idan aka ce ya karanta, sai ya ce haruffan rawa suke yi, 'yan aji su fashe da dariya, malama ta kore shi waje. Yayansa shi ne zakaran ajinsu. Uban ya yanke cewa taurin kai ne da lalaci, ya ɗauke shi ya kai makarantar kwana don a ladabtar da shi. Can yaron ya daina magana, ya daina ko zanen da yake so. Sai ga wani malamin zane na wucin gadi, Nikumbh, wanda shi ma ya yi fama da wannan larura yana yaro, wato wadda masana ke kira disleksiya, inda ƙwaƙwalwa lafiya lau take amma haɗa harafi da sautinsa yake zame wa yaro dutse.

Akwai wurin da Nikumbh ya tattaro littattafan rubutun yaron yana buɗewa shafi bayan shafi. Jan biro ya cika ko'ina. Amma shi ba makin yake dubawa ba, kurakuran yake bi, har ya gane cewa iri ɗaya ne suke maimaituwa: b a gurbin d, harafi ya juya baya, kalma ɗaya an rubuta ta kala uku a shafi guda. A nan ɗakin da muke zaune ya yi tsit. Ba wanda ya dubi ɗan'uwansa. Kowannenmu ya san irin wannan littafi, ya riƙe shi a hannunsa, ya zana masa sifili ya wuce na gaba.

Mu kuwa lamarin namu ya fi na Ishaan sarƙaƙiya. Shi haruffa biyu ne suke masa kama. Yaronmu da yake koyon karatun Hausa huɗu ne a gabansa: b, ɓ, d da ɗ, duk sanda ce da ƙwallo, sai ɗan lanƙwasa da ke bambanta su. Ga shi kuma yawancin yaranmu da asuba suna makarantar allo, inda hannu ya saba tafiya daga dama zuwa hagu, da hantsi mu ce ya juya ya taho daga hagu. Saboda haka idan ɗan aji ɗaya ya juya harafi, ba abin tashin hankali ba ne. Yawancinsu kafin su gama aji biyu hannun ya daidaita. Wanda ya kai aji huɗu yana juyawa, alhali idan ka yi masa tambaya da baki ya amsa tiryan-tiryan, shi ne wanda ya kamata a tsaya a kansa. Wannan bambanci ba a taɓa zaunar da mu an nuna mana shi da littafin yaro a hannu ba.

Dole mu faɗi laifinmu, tun da mun ɗauko zancen. Shekaru goma sha wani abu da suka wuce, akwai wani yaro a ajinmu na huɗu. Duk abin da aka faɗa da baki yana riƙewa. Tatsuniya idan ya ji sau ɗaya zai maimaita ta har da muryoyin dabbobin. Amma a ce ya kwafi layi biyu daga allo, sai a tashi bai gama ba. Muka kira shi daƙiƙi a gaban 'yan'uwansa. Muka mayar da shi layin baya. Bulala kuwa ya sha ta, da niyyar gyara, kamar yadda mu ma aka yi mana. Bai shiga aji biyar ba. Yau kafinta ne, yana da shago da yara masu koyon aiki a ƙarƙashinsa, awo ba ya kuskure masa ko da ƙwayar gero. Idan saƙo ya shigo wayarsa, yaron shagonsa ne yake karanta masa. Duk inda ya hange mu sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya rusuna ya ce, "Malam, ina wuni." Da ma zagi yake yi, da ya fi mana sauƙi. A daren da muka kalli fim ɗin nan, fuskarsa ce ta hana mu barci.

A fim ɗin, Nikumbh ya je har gidan iyayen yaron, ya miƙa wa uban wani kwali mai rubutu da baƙaƙen harshen da bai sani ba, ya matsa masa lamba sai ya karanta, don ya ɗanɗana abin da ɗansa yake sha kullum. Daga nan ya nemi izinin shugaban makaranta, ya riƙa zama da yaron shi kaɗai: rubutu a kan yashi, haruffa da yumɓu, lissafi a kan matakalar bene. A ƙarshe aka yi gasar zane, yaron ya zo na ɗaya. Mun share hawaye, ba ma jin kunyar faɗa.

Amma da hawayen suka bushe sai lissafi ya dawo. Babbar cikinmu, wadda ta fi mu daɗewa a aikin, ita ce ta fara cewa, "To, yara nawa ne a ajin nasa?" Makarantar kwana ce ta masu hali. Kowane yaro da kujerarsa da teburinsa. Malamin yana da ɗakin zane, da fenti, da takarda, da lokacin da zai kwashi littattafan yaro guda ya duba a natse, har da kuɗin motar zuwa garin iyayensa. Bugu da ƙari, yana koyarwa a wata makarantar yara masu buƙata ta musamman, wato idonsa horarre ne. Mu kuwa rajistar ajinmu ta bana suna 94 ne a cikinta. Darasi minti 35 ne. Ko da ba mu rubuta komai a allo ba, ba mu tsawatar wa kowa ba, muka raba lokacin daidai wa daida, kowane yaro bai samu rabin minti ba. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare. Ajinmu ya haura biyu da rabi na wannan adadi, kuma mun san a cikin masu karanta wannan shafi akwai waɗanda za su ce mu ma muna cikin ni'ima.

A nan ne muke da ja da irin waɗannan fina-finai, duk da son da muka yi wa wannan. Suna nuna malami guda mai zuciyar zinariya a tsakiyar abokan aiki masu busasshiyar zuciya, shi kaɗai ya tsamo yaro guda. Mai kallo ya tashi da fahimtar cewa abin da ya rage wa makarantunmu tausayi ne kawai. Wannan fahimta tana yi wa masu riƙe da asusun ilimi daɗi, domin tausayi ba ya cikin kasafin kuɗi. Sau nawa aka tara mu a wurin bita aka ce mana koyarwa sadaukarwa ce, ladan malami yana lahira? Muna fatan ladan, Allah Ya ba mu. Sai dai wanda ke faɗa mana haka, nasa ladan a ƙarshen kowane wata yake shiga. Malaman da fim ɗin ya mayar abin dariya, masu ihu da duka, mun gane su, domin mu ne. Ba a haife mu da mugunta ba. Mutumin da aka ba garke fiye da ƙarfinsa, sanda ce take zame masa harshe. Wannan bai wanke mu daga abin da muka yi wa kafintan nan ba, kuma ba mu nemi ya wanke mu ba.

Fim na biyu, The First Grader, na 2010, ya fi kusa da ƙurar da muka sani. Labarin gaskiya ne na Kimani Maruge, dattijon Kenya wanda ya yi gwagwarmayar Mau Mau da Turawan Ingila. A 2003 gwamnatin Kenya ta soke kuɗin makarantar firamare, yara fiye da miliyan ɗaya suka kwararo a shekara guda. Maruge ya ji an ce ilimi kyauta ne ga kowa, shi ma ya zo, yana da shekara 84. Aka ce sai da fensir da littafi, ya samo. Aka ce sai da kayan makaranta, ya dawo da gajeren wando. Burinsa ya karanta wata wasiƙa da gwamnati ta aiko masa da idonsa. Maruge na gaske har ya je New York a 2005 ya yi magana a Majalisar Ɗinkin Duniya kan ilimi, ya rasu a 2009.

Dattijon ya burge mu, amma malamar muka fi zuba wa ido, Jane Obinchu. Ajinta irin namu ne: yara sun fi benci yawa, iyaye sun yi cincirindo a bakin ƙofa, an yi shela daga sama ba a ƙaro ɗaki ko malami ba. Mu ma mun san wannan. Malamanmu sun ba mu labarin yadda aka cika azuzuwa a 1976 da shirin UPE, mu kuma a idonmu aka ƙaddamar da UBE a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004. Buɗe ƙofa alheri ne, ba mai musun haka. Amma wanda ke tsaye a gaban allo shi ne yake ɗaukar nauyin duk shelar da ba a yi mata tanadi ba. Kuma da malama Jane ta yi abin da ya dace, ta ƙi korar dattijon, me ta samu? Tsegumi, barazana, da takardar canjin wurin aiki zuwa nesa. Da aka zo wannan wuri sai muka yi dariya gaba ɗaya, irin dariyar wanda ya ga tabonsa a jikin wani. A fim ɗin, sai da yara suka yi bore, dattijon kuma ya tafi Nairobi ya tuɓe riga ya nuna wa manya tabon azabar da ya sha, sannan aka dawo da ita. Muka tambayi juna: ina ƙungiyarta? Malami na gari idan ba shi da masu tsaya masa, takarda ɗaya ta ishe shi.

Saboda haka muna da roƙo ga shugabannin reshenmu. Maganar albashi da ƙarin girma tana nan, ba mu ce a sassauta ba. Amma a sa yawan ɗalibai a aji cikin abubuwan da ake zama a kansu da hukuma, da alƙaluma a hannu, makaranta bayan makaranta, domin mu ne muke riƙe da rajista, ba wanda ya fi mu sanin gaskiyar adadin. Sannan a nemi horo na haƙiƙa kan gane yaran da karatu ke yi wa wuya. A kwalejin ilimi darasi guda muka yi kan masu buƙata ta musamman, na zango ɗaya, muka haddace don jarrabawa. Abin da ya zauna mana shi ne makafi da kurame, waɗanda larurarsu a fili take. Ƙasar nan tana da kwaleji sukutum a garin Oyo da aka kafa don horar da malaman wannan fanni, kuma tun farkon 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Ba abin a zo a gani ba ne a ce kowane rukunin makarantu ya samu malami ɗaya horarre da za mu iya tura masa littafin yaro mu ce, duba mana wannan. Idan hukuma ta yi jinkiri, reshe da kansa yana iya gayyato masani ɗaya a wata Asabar. Kuɗin da muke cirewa duk wata ya isa shayi da kuɗin mota.

Akwai kuma abin da ba ya jiran kowa, wanda fim ɗin Indiyan nan ya tilasta mana. Kalmar daƙiƙi ta fita daga bakinmu. Yashi kuwa, wanda Nikumbh ya zuba a faranti, mu filin makarantarmu gaba ɗaya shi ne. Da aka koma makaranta, a makon farko muka karɓi littattafan 'yan layin baya muka tafi da su gida, muka bi kurakuran maimakon mu ba da maki. Bakwai muka ware waɗanda kuskurensu yake maimaita kansa. Ba mu ce duka suna da larurar ba, ba mu da ilimin yanke wannan hukunci. Wataƙila wani ido ne, wani yunwa, wani kuma fashin zuwa ne saboda talla ko gona. Uku daga cikinsu muke iya zama da su minti goma a lokacin tara, a gindin darbejiya, suna zana b da d da yatsa a ƙasa suna furta sautin. Sauran huɗun ba mu da lokacinsu, kuma kullum suna kallonmu idan muka kira 'yan'uwansu.

A taron reshe mai zuwa muna roƙon kowane malami ya zo da adadin da ke rajistarsa, da littafin yaro ko ɗaya da ya rasa yadda zai yi da shi, a rufe sunan yaron. Mu za mu zo da namu bakwai ɗin, suna nan a ɗaure da roba.