Filin Wasanni: Christian Okoye, Gwarzon da Gida Ya Bari Dawa Ta Ɗauka

Masu iya magana sun ce, abin da ruwa ya ba tudu shi ne yashi. To, a fagen wasanni kuwa, abin da Nijeriya ta ba Amurka a shekarun 1980 shi ne Christian Okoye, mutumin da har yau mutanen birnin Kansas ba su mance da shi ba.

An haifi Okoye a Inugu a shekarar 1961. Tun yana saurayi ya shahara wajen jifan faifai, har ya tafi Jami'ar Azusa Pacific a Kalifoniya cikin 1982. Babban burinsa a lokacin shi ne ya wakilci ƙasarsa a wasannin Olamfik na 1984 a Los Angeles. Amma da aka fitar da sunayen masu tafiya, sai ba a ga nasa ba. Wannan baƙin ciki ne ya sa ya juya ga ƙwallon Amurka, wasan da bai taɓa bugawa ba sai da ya kai shekara 23.

Shi wannan wasa ya sha bamban da tamaula. Ƙwallon nasu dogo ne kamar gwanda, kowane gefe kuma mutum 11 ne. Ana ba ƙungiya yunƙuri 4 ta ci gaba da yadi 10, in ta kasa ƙwallo ya koma hannun abokan hamayya. Aikin Okoye shi ne ya rungumi ƙwallo, ya kutsa cikin ƙarti masu neman kayar da shi. Da yake nauyinsa ya haura kilo 110, ga shi kuma da gudu kamar barewa, mutum ɗaya bai cika iya tsai da shi ba.

A 1987 ƙungiyar Kansas City Chiefs ta ɗauke shi. A 1989 ya ɗauki ƙwallo sau 370, ya ci yadi 1,480, watau ya fi kowa a gasar NFL ta wannan shekara, har da shahararren Barry Sanders wanda ya tsaya a 1,470. Amurkawa kuma sun yi masa laƙabi mai ma'anar mugun mafarkin da ya fito daga Nijeriya.

Sai dai jiki magayi. Yawan karo ya raunana masa gwiwa, bai sake buga gasa ba bayan 1992. Shekara shida kacal ya yi, duk da haka ƙungiyarsa ta sa sunansa cikin jerin gwarazanta a shekarar 2000.

Darasin da ke cikin wannan labari bai tsaya a Inugu ba. A makarantun Kafanchan da Zonkwa da Zangon Kataf, kamar sauran sassan ƙasar nan, akwai samari ƙarfafa masu gudu da jifa waɗanda ba wanda ya taɓa auna iyawarsu. Wajibi ne hukumomin wasanni su neme su, sa'an nan in an zo zaɓe a yi adalci. Okoye ya sami wata ƙofa da aka rufe masa ta gida, amma ba kowane yaro ne ke da irin wannan sa'a ba.